Yaro mai asma a makaranta: mintunan da ke hannun malami

Yaron da ke firamare yakan bar gida wajen ƙarfe bakwai na safe, ba ya dawowa sai bayan azahar. Ya ci abinci, ya sauya kaya, sai Islamiyya har gab da magariba. Na makarantar kwana kuwa yakan shafe makonni bai sa iyayensa a ido ba. In aka lissafa sa'o'in da yaro ke farke, kaso mai tsoka a hannun malamai yake yin su. Idan kuwa yana da ciwon asma, akwai yiwuwar ranar da numfashinsa zai sarƙe ba uwarsa ce a kusa ba, malamin lissafi ne, ko monita, ko mai gadi. Abin da waɗannan mutane suka sani, da abin da za su yi a mintuna goma na farko, shi nake son mu warware.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke da asma, kuma ta kashe 455,000 a wannan shekarar. A cikin cututtukan da ke zama tare da mutum na tsawon lokaci, ita ce ta fi yawa a yara. Galibin mace-macen a ƙasashe marasa ƙarfi suke faruwa, ba don ciwon ya fi zafi a can ba, sai don ba a gano shi da wuri, in an gano kuma maganin ba ya isa hannu. Wani bincike da jami'ar Queen Mary ta Landan ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2024, ya shiga makarantu a birane shida na Afirka: Legas, Kumasi, Kampala, Blantyre, Harare da Durban. An tantance ɗalibai sama da 27,000, aka samu sama da 3,000 masu alamun asma, amma kusan kashi 80 cikin 100 na waɗannan ba likitan da ya taɓa tabbatar musu da ciwon. Wannan fa a manyan birane ke nan, inda asibiti ke kusa. Saboda haka malamin da ya ce ba shi da mai asma a ajinsa, mafi yawan lokuta abin da yake nufi shi ne ba wanda ya gaya masa.

Iskar da muke shaƙa tana bi ta maƙogwaro ta gangara, ta rarrabu cikin ƙananan hanyoyi masu rassa har ta isa cikin huhu. A wurin mai asma, bangon waɗannan hanyoyi kullum a ɗan kumbure yake, ko da yana cikin wasa da dariya, kuma abu kaɗan ke harzuƙa shi. Da ƙura ko hayaƙi ko iska mai sanyi ta shiga, sai abu uku su haɗu: naman da ya zagaye hanyoyin ya tsuke, kumburin ya ƙaru, majina mai kauri ta taru. Hanyar da dama ƙarama ce sai ta ƙara ƙanƙancewa. Wanda yake son ya ɗanɗani yadda abin yake, ya cire ruwan biro, ya toshe hanci, ya yi numfashi ta bututun na minti ɗaya, sannan ya gwada hawa bene a haka. Fitar da iska ma ya fi wuya a kan jawo ta, shi ya sa ake jin ƙirjin yaron yana wani siririn kuka kamar fito.

Abin da ke ruɗa manya shi ne ciwon yana zuwa yana tafiya. Yaron da ya gama tsalle-tsalle jiya, yau ya ce, "Malam, ƙirjina ya riƙe," sai a ce ƙarya yake, gudun shara ne ko bai yi aikin gida ba. Kuma ba kowane mai asma ne ke kukan ƙirji ba. Wani tari ne kawai, busasshe, mai tasowa cikin dare ko da asuba, ko bayan gudu, ko bayan dariya mai yawa. A gida sai a ce sanyi ne ya shige shi, a hana shi ruwan sanyi, a sayo maganin tari, a sake sayowa. Wani a ce limoniya ce tana dawowa. Wani, in abin ya zo da firgita da zare ido, a ce iska ce, a nemi mai ruƙiyya. Yaron da ya kwana yana tari shi ne zai yi gyangyaɗi a darasi na biyu, a buga masa tsawa. Malamin aji da ke riƙe da rajista yana da wata dama da ko likita ba shi da ita: yana ganin yaron kullum, yana iya lura cewa wane ba ya fashi sai in hazo ya sauko, wance kuma kullum aka fita motsa jiki sai ta tsaya ta dafa gwiwa tana tari. Ba aikinsa ba ne ya ce asma ce. Aikinsa ya kira uba ko uwa ya ce, ga abin da nake gani, a kai shi a duba.

Sai kuma ƙyama. Da yawa suna haɗa asma da tarin fuka, har a raba wa yaro kofi, abokan zama su matsa daga bencinsa. Tarin fuka ƙwayar cuta ce ke kawo shi, ana ɗauka ta iska. Asma ba a ɗaukarta, ko an ci a kwano ɗaya an kwana a tabarma ɗaya. Tana bin jini a wasu gidaje, sau da yawa tare da atishawa mai yawa da ƙaiƙayin fata. Jimla biyu daga bakin malami a gaban aji sun isa su kashe wannan magana.

A ƙasar Hausa lokacin da ya fi tsanani sananne ne. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iskar hunturu ke busowa daga arewa maso gabas, ɗauke da ƙura mai laushi wadda babban kasonta ke tasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, busasshen gindin wani tsohon tafki. Ita ce ke sauka a Kano da Katsina da Maraɗi da Damagaram ta rufe rana har jiragen sama su kasa sauka. Ƙurar tana da ƙanƙanta sosai, gashin hanci ba ya tare ta duka, kuma tana zuwa da sanyi da bushewa da mura, waɗanda kowannensu shi kaɗai yana iya tayar da asma. Wannan ba laifin kowa ba ne, ba kuma makarantar da za ta hana hunturu zuwa.

Abin da ke hannun makaranta shi ne abin da take ƙarawa a kai. A duba safiyar wata makarantar gwamnati a watan Janairu. Kafin asembili an raba tsintsiya. Daɓen ajin ya farfashe tun tuni, rabinsa ya koma turɓaya. Yara biyar sun duƙa suna shara a bushe, ba a yayyafa ko ɗigon ruwa ba, ƙura ta turnuƙe har ba ka ganin allo sosai. An rufe tagogi saboda sanyi, in akwai tagogin. A waje wasu sun tara shara da leda a bayan aji sun cinna wuta, hayaƙin na shigowa ta saman bango. Daga nan a fita layi a tsaya cikin iska. A dawo aji, monita ya ɗauki tsumma ya goge allo, sannan ya buga tsumman a jikin bango, farin garin alli ya tashi a kan 'yan layin gaba. Duk wannan kafin ƙarfe tara. Yaron da huhunsa ke lafiya zai yi atishawa ya wuce. Mai asma kuwa an riga an gama da ranarsa.

Gyaran wannan bai kai kuɗin fenti ba. A yayyafa ruwa kafin shara, a jiƙa tsumman goge allo, a kai ƙona shara nesa da azuzuwa kuma bayan an tashi. Mai asma a cire shi daga jerin masu shara, a ba shi wani aikin: kiran suna, raba littattafai, ɗebo ruwa in ba nisa. Na fi son a ce an sauya masa aiki a kan a ce an yafe masa, domin yara ba sa yafe wa wanda suke ganin an fifita, za su sa masa suna. A ranar hazo mai kauri a bar shi ya ɗaura ƙyalle ko takunkumi a hanci, a kuma bar shi ya sa rigar sanyi ko da launinta bai dace da yunifom ba. Akwai makarantun da ake ƙwace rigar sanyi a bakin ƙofa saboda launi, kuma ban ga abin da hakan ke koya wa kowa ba.

Makarantar kwana tana da nata. Ɗaki ɗaya mai cunkoso, katifun da suka shekara ba su ga rana ba, kyankyasai a cikin akwatunan gari da sukari, bango mai danshi da damina. Da dare a kunna maganin sauro mai hayaƙi a rufe ƙofa, ko a watsa fiya-fiya a kwanta nan take. A ɓangaren 'yan mata a ƙara da turaren wuta da na fesawa. Gidan sauro yana yin aikin ba tare da hayaƙi ba, kuma shi ya kamata ya zama doka a ɗakin da ke da mai asma. Haka a tsangaya, inda almajirai ke zagaye wutar kara suna karatun dare da na asuba: yaron da ke tari duk lokacin da aka hura wuta, a matsar da shi inda iska ba ta kaɗo masa hayaƙi, in da fitila mai caji a ba shi.

Horo ma abin dubawa ne. Wanda ya yi latti a sa shi tsallen kwaɗo, ko zagaye fili da gudu, ko sharar filin makaranta. A makarantar kwana ma sau da yawa ba malami ke horon ba, siniya ne ɗan shekara goma sha bakwai wanda bai taɓa jin yadda asma ke kisa ba. Yaro ya ce ba ya iya numfashi, a ce ai ga shi yana magana. Duk wanda aka ba ikon horo, firfet ne ko malami, dole ya san sunayen masu ciwon, ya kuma san cewa kalmar "numfashina" tana tsayar da komai nan take. In yaron ƙarya ya yi, an yi asarar horo ɗaya. Ɗaya ɓangaren kuwa ba a dawo da shi.

Wannan ba yana nufin a zaunar da shi a gindin bishiya yana kallon 'yan uwansa suna ƙwallo ba. Wannan kuskure ne na masu tausayi, kuma shi ma yana cutarwa. Haile Gebrselassie na Habasha, wanda ya ci zinare a tseren mita 10,000 a gasar Olamfik ta 1996 da ta 2000, yana da asma; saboda ita ce ma ya ƙi shiga gudun yada-ƙanin-wani a Beijin a 2008 don gudun gurɓatacciyar iska. Yaron da ciwonsa ke samun kulawa yana iya gudu kamar kowa. Abin da yake buƙata shi ne ya fara a hankali ya ɗumama jiki, ya shaƙi maganinsa kamar minti goma zuwa sha biyar kafin a fara in likita ya ce ya yi hakan, maganin kuma ya kasance a bakin fili. Idan kullum aka yi wasa sai ciwon ya tashi, wannan saƙo ne zuwa ga likita cewa maganin bai isa ba.

Maganin shaƙa, wanda aka fi sani da inhela, iri biyu ne, kuma rashin bambance su ya jawo wahala mai yawa. Na farko shi ne mai buɗe hanya, salbutamol, wanda aka fi sani da sunan Ventolin, galibi shuɗi. Yana sassauta naman da ya tsuke cikin 'yan mintuna, aikinsa ya ɗauki kamar sa'a huɗu. Shi ne na gaggawa, shi ne na aljihu. Amma ba ya taɓa kumburin da ke ƙasa. Na biyu shi ne na rigakafi, irin su beklometason da budesonid, wanda ake shaƙa kullum safe da yamma ko ana lafiya, a kuskure baki bayan an gama. Shi ba a jin aikinsa nan take, sai bayan kwanaki ko makonni, shi ya sa iyaye ke cewa ba ya aiki su ajiye, ko su ga yaro ya samu sauƙi su ce ya warke. Alhali shi ne ke hana tashin ciwon tun farko. Tun 2019 kwamitin masana na duniya kan asma, GINA, ya daina ba da shawarar a riƙe manya da matasa da shuɗin kaɗai. Ma'auni mai sauƙi da malami zai iya riƙewa: yaron da ke buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko tari ke tashinsa da dare, ciwonsa bai daidaita ba.

A kan inhela akwai wata magana da ta zauna daram a zukatan mutane, wai duk wanda ya fara ba ya dainawa, wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da ita, wai tana raunana zuciya. Saboda haka uba zai gwammace ya je kemis a haɗa masa ƙwayoyi da na ruwa. Gaskiyar ita ce akasin haka. Abin da aka shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, ɗan kaɗan ya wadatar. Salbutamol na haɗiya sai ya zagaya jini kafin ya isa, yana jinkiri, kuma ya fi kawo rawar hannu da bugun zuciya. Mafi muni su ne ƙwayoyin nan irin su deksametason da firednisolon da ake sayarwa ba takardar likita. Suna da amfani na 'yan kwanaki idan ciwo ya tashi da ƙarfi kuma likita ya rubuta, amma yaron da ya shafe watanni yana shan su sai fuska ta kumbura, girma ya tsaya, ƙashi ya yi rauni. Inhela ba ta sa jaraba. Wanda ake gani kullum da ita a hannu, ciwonsa ne bai samu rigakafi ba.

Ba kuma zan yi kamar kuɗi ba matsala ba ne. A watan Agusta na 2023 kamfanin GSK mai yin Ventolin ya sanar da cewa zai daina gudanar da harkarsa kai tsaye a Najeriya, ya koma sayarwa ta hannun dillalai. Wannan ya zo daidai da faɗuwar darajar naira, farashin inhela ya ninka har sau da dama, a wasu wuraren ma ta yi ƙaranci. Akwai salbutamol na wasu kamfanoni masu rajistar NAFDAC da ke aiki iri ɗaya kuma sun fi sauƙi, amma duk da haka gidan da da ƙyar ya sayi guda ɗaya ba zai sayi ta biyu ya ajiye a makaranta ba. To ita guda ɗayar a ina take kwana, a ina take yini?

Nan ne zuciyar maganar. A watan Oktoba na 2012, a lardin Ontariyo na Kanada, wani yaro ɗan shekara 12 mai suna Ryan Gibbons yana wasan ƙwallo lokacin tara sai ciwon ya taso masa. Inhelarsa tana kulle a ofis, domin dokar makarantar ta hana ɗalibai yawo da magani, waɗanda yake zuwa da su a ɓoye ma an sha karɓe su. Abokansa suka ɗauko shi suna nufin ofis, bai kai ba. A 2015 majalisar lardin ta kafa doka da sunansa, wadda ta tilasta wa makarantu su bar yaro ya riƙe inhelarsa da yardar iyayensa. A Ingila kuma tun daga Oktoban 2014 aka ba makarantu izinin sayen salbutamol su ajiye don gaggawa ba tare da takardar likita ba, saboda yaron da ya manta tasa ko ta ƙare.

Kanada ƙasa ce mai wadatar motocin asibiti, amma tazarar da ke tsakanin fili da ofis ta ci ran Ryan. A wurinmu tazarar ta fi haka. A makarantun kwana da dama ana karɓe duk wani magani ranar dawowa hutu, kuma dalilin a fili yake, ana tsoron shaye-shaye. Sai dai salbutamol ba ya bugarwa, ba abin da mashayi zai yi da shi. Idan aka kulle shi a ɗakin shan magani, mai makullin ya tafi gida da la'asar, asma kuma ta fi son tsakar dare da goshin asuba, to an bar yaron da abokan ɗakinsa su yi ta fifita. Yaron da ya kai shekara bakwai ko takwas kuma an koya masa, ya riƙe abinsa a aljihu, da dare a ƙarƙashin matashi. Ƙananan kuwa a ajiye tasu a cikin ajin, a wurin da ba kulle, wanda malamin aji da mataimakinsa da monita duk sun sani, a rubuta sunan yaron a jiki. Ta gaggawa ta makaranta kuma abu ne da ƙungiyar iyaye da malamai ko kwamitin kula da makaranta za su iya saya da shawarar ma'aikacin lafiya na yankin.

Idan ciwon ya tashi, ga yadda ake yi. A zaunar da yaron a miƙe, ya ɗan karkata gaba, kada a kwantar da shi. A kori taron da ya yi masa rumfa, a sassauta masa wuyan riga, a yi masa magana a natse, domin tsoro yana ƙara tsuke ƙirji. Kada a tura shi ofis shi kaɗai, maganin ne zai zo inda yake. A girgiza shuɗiyar inhela, a fesa sau ɗaya, ya ja numfashi huɗu ko biyar, a dakata rabin minti zuwa minti ɗaya, a sake girgizawa a sake fesawa. Ana iya yin haka har sau goma. Ba a ɗura masa ruwa ko zuma ko man ja yana wannan hali, zai iya shaƙewa. Ba a busa masa hayaƙin komai. Addu'a kuwa ana yinta hannu na aiki.

Akwai wata dabara da ta cancanci kowane malami ya sani. Fesa inhela kai tsaye a baki yana buƙatar a danna a ja numfashi a lokaci guda, abin da manya ma ke kuskurewa, balle yaron da ke haki. Mafi yawan maganin sai ya maƙale a harshe da maƙogwaro. Shi ya sa ake amfani da wani mazubi na roba da ake kira sifesa: a fesa a cikinsa, yaron ya shaƙa a hankali. Na kanti yana da tsada kuma ba ko'ina ake samu ba. A 1999 Farfesa Heather Zar da abokan aikinta a asibitin yara na Red Cross da ke Cape Town suka wallafa sakamakon gwajin da ya nuna cewa robar lemo mai cin mililita 500, in an gyara ta daidai, tana aiki kamar na kanti. Ana huda gindin robar daidai girman bakin inhela, yadda za ta shiga ta matse ba iska na fita ta gefe. Yaron ya kama bakin robar da leɓɓansa kamar zai sha ruwa. Kafin a fara amfani da ita a wanke da ruwan sabulu a bar ta ta bushe da kanta, kada a goge, don kada maganin ya manne a jikinta. Malamin kimiyya zai iya yin wannan tare da ɗalibansa a darasi ɗaya, kowane aji ya samu nasa.

Wasu alamu kuwa ba a jira da su. Yaron ya kasa haɗa jimla, sai kalma ɗaya-ɗaya. Fatar da ke tsakanin haƙarƙarinsa da ramin wuyansa na lotsawa in ya ja numfashi. Leɓɓa da harshe sun sauya launi sun yi toka-toka ko shuɗi-shuɗi. A baƙar fata an fi gani a cikin leɓe da dasashi. Ya fara lumshe ido ko surutai. Mafi yaudara shi ne kukan ƙirjin ya ɗauke alhali yana ƙara galabaita: ba sauƙi ba ne, iskar ce ta daina wucewa har ta yi ƙara. In an ga ɗaya daga cikin waɗannan, ko an yi fesa goma ba canji, sai asibiti, da duk abin hawan da ke kusa, motar shugaban makaranta ce ko A Daidaita Sahu, ana ci gaba da ba shi maganin a hanya. A kira iyaye ana tafe. Abin da ke cinye lokaci a nan sananne ne: firinsifal ba ya nan, ba wanda ke son ɗaukar alhaki, ba a san wa zai biya kuɗin kati ba, wayar uban a kashe. Duk waɗannan tambayoyi ne da ake amsawa tun ranar da aka ɗauki yaron, ba ranar da ya faɗi ba.

Shi ya sa takarda guda ɗaya take da daraja. Shafi ɗaya, da Hausa, likita ko ma'aikacin jinya ya cika tare da iyaye: sunan yaron, abubuwan da ke tayar masa, maganin da yake shaƙa da adadinsa, lambobin waya biyu ko uku, da sa hannun uba ko uwa cewa an yarda a ba shi magani a kuma kai shi asibiti ba sai an jira su ba. Najeriya tana da tsarin kula da lafiya a makarantu na ƙasa tun 2006, wanda ya tanadi duba lafiyar ɗalibi lokacin shiga da ajiye bayanansa da akwatin taimakon gaggawa. Wanda ya san makarantunmu ya san inda tsarin ya tsaya. Akwatin, in akwai shi, auduga ce da aidin da farasitamol. Af, tun da an zo kan maganin ciwon kai: asfirin da ibufurofen suna tayar wa wasu masu asma, kada a miƙa musu sai an san suna sha lafiya.

Takardar ba za ta cika ba sai iyaye sun faɗi gaskiya, kuma da yawa ba sa faɗa. Wani yana tsoron a ƙi ɗaukar ɗansa a makarantar kwana. Uwar 'ya mace kuma tunaninta ya wuce nan: "Malama, don Allah kada maganar nan ta fita, kin san halin mutane, gobe in an zo neman aure ita za a tono." Ba wauta ba ce, ta san garin da take zaune. Amsar makaranta ita ce ta riƙe sirri da gaske, waɗanda dole su sani kawai su sani, kada a kira yarinya a asembili a ce masu asma su fito gefe. Kuma kada ciwon ya zama dalilin hana gurbi, domin ranar da aka hana mutum ɗaya, sauran iyaye sun koyi yin shiru.

Da azumi wata tambayar takan taso wa ɗaliban sakandare, har wasu su jure sarƙewar numfashi don kada azuminsu ya karye. Malamai sun yi saɓani: Shaikh Bin Baz da Shaikh Usaimin suna cikin masu ganin inhela ba ta karya azumi, wasu kuma suna ganin tana karyawa sai a rama. Amma ba wanda ya ce mara lafiya ya zauna numfashinsa na ɗaukewa yana jiran magariba, rangwamen yana nan a cikin Alƙur'ani. Ta rigakafi dama sau biyu ce, ana iya yinta da sahur da bayan buɗa-baki. Wannan bayani ya fi shiga in ya fito daga bakin malamin addini na makarantar tun kafin a ga wata.

Lokacin da ya fi dacewa a zauna a duba duk wannan shi ne Oktoba, kafin iska ta juya. A sabunta jerin sunaye, a gwada lambobin waya a ga suna shiga, a ce kowane yaro ya nuna yadda yake shaƙa, domin da yawa sun shekara suna yi ba daidai ba. A duba ranar lalacewar magani a jikin ƙarfen. A kuma tuna cewa inhelar salbutamol fesa 200 take ɗauka, kuma bayan maganin ya ƙare tana ci gaba da fitar da iska, in an girgiza ma a ji motsi a ciki. Wadda ba ta da ma'auni a jiki, sai an rubuta ranar da aka fara ta, ana lissafin abin da aka yi amfani da shi. Yaron da ya ƙarar da uku ko fiye a shekara ɗaya yana cikin waɗanda ciwon ya fi yi wa barazana, a rubuta wa iyayensa su koma da shi wurin likita kafin hazo ya sauko.